Irin kindirmon Malam Sa'idu

Malam Sa'idu ya rasu.

Sau uku ina rubuta wannan layin ina gogewa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar yau labarin ya iske ni, ina tsugune bakin ƙofa ina goge takalmin zuwa makaranta. Waya ta yi ƙara, na ga lambarsa ce, har na ɗauka da tsiya a bakina, na ce, "Ranka ya daɗe, an sallamo ka ke nan?" Sai na ji muryar mace. Maryama ce, 'yarsa da ke aure a Sakkwato. Ta ce, "Kawu Lawali, Baba ya cika ɗazu bayan asuba."

Ban san abin da na ce mata ba. Na dai tuna ta ce da hantsi za a yi jana'iza a can, kada in taso, ko yanzu na sami mota ba zan riske su ba.

Ke nan ko ƙasa ban samu na zuba masa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sa'idu shi ne mai gwaje-gwaje a wani ƙaramin asibiti nan Warra har ya yi ritaya. Jini, fitsari, bayan gida, duk ta ƙarƙashin madubinsa suke wucewa. Shi ya sa mutanen gari suka naɗa shi Sarkin Bayan Gida. Bai taɓa jin haushi ba. In an kira shi haka a kasuwa sai ya jinjina hannu kamar mai rawanin gaske, ya ce, "Na karɓa. Talakawana sun hi na kowa yawa."

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu. Aikin koyarwa ya kawo ni Warra daga Shanga. Iyalina suna can wajen Inna, don ba a iya barin ta ita kaɗai, ni kuma na kama ɗaki ɗaya a nan. Shi ma shi kaɗai ne a gidansa tun rasuwar matarsa Hajara. Yakan ce mu gwauraye biyu ne, ɗaya na ƙaddara, ɗaya na fostin.

Ciwon ciki ne ya haɗa mu.

Lokacin da na zo garin nan a rame nake, wuya duk ƙashi. Cikina ba ya kwana biyu lafiya. Yau gudawa, gobe kumburi, jibi murɗa. Kuma ni ne likitan kaina. Da na ji ciki ya yi ƙugi sai in ce taifod ne, in nufi kyamis ko in tare mai tallan magani ranar kasuwa, in karɓo kapso ja da rawaya. Biyu yau, biyu gobe, in na ji dama-dama in watsar. Wani lokaci ma ba ciwon komai, sai dai a ce wankin ciki, a buɗe kapso a zazzage cikin kunu a shanye. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu, kuma na yi shekaru a kai.

Ta kan katanga ya fara yi mini magana. Ya ce, "Ticha, kai da butar ga ba ku rabuwa. Kawo min in duba."

Kunya ta kusa kashe ni. Malamin makaranta guda, in ɗauki abin nan cikin kwalin ashana in ratsa gari da shi a aljihu. Amma na kai.

Da ya gama gwaje-gwajensa ya zaunar da ni, ya ce, "Ban ga taifod ba, ban ga tsutsa ba. Ba baƙo ne ad damuwarka ba, Ticha. Masu gida ka kora."

A wurinsa na fara jin cewa cikin hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, bakteriya, ba su ƙirguwa. Mu da mun ji an ce ƙwayoyi sai mu ce cuta. Ya ce yawancinsu namu ne. Su ke taya mu narkar da abinci, su ke cika wuri don kada mugayen su sami inda za su zauna. Kapso kuwa bai san na gida ba, bai san baƙo ba, duk wanda ya iske kashewa yake yi.

Na ce, to wane magani zai rubuta mini?

Ya ce, "Wake. Rama. Zogale. Daddawa cikin miya. Tuwon geron da ba a surfe shi har ya hita hayyacinai ba. Ka rage burodin ga da lemun kwalba, su ma masu gidan suna son abin da za su ci. Kuma kullum bayan la'asar ka zagayo."

Na zagaya. Na iske shi bisa benci ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa, da ƙwarya rufe da faifai, da kofi biyu na silba. Kindirmo ne, wanda ya yi da hannunsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ban warke a sati ɗaya ba. Shi ma bai yi mini alkawarin haka ba. Sai da na kwashe watanni kafin wata rana in lura na yi darasi uku a jere ban fita aji da gudu ba.

Kuma kada wani ya ɗauka gaba yake da maganin asibiti. Shekarar da ciwon haƙarƙari ya kwantar da ni, likita ya rubuta mini magani, Malam Sa'idu ne ya tsaya a kaina safe da yamma sai da na shanye har ƙwayar ƙarshe. Ya ce, "In yaƙi ya kama a yi shi har ƙarshe. Abin da ban so shi ne harbi don ka ji motsi."

Akwai ranar da ya shigo ɗakina ya ga jarkar da nake tara ruwan sha, wata rawaya da na samo wajen wani manomi. Ya shinshina bakinta, ya ce ta maganin ciyawa ce. Na ce na wanke ta da sabulu da toka har sau uku. Bai tsaya musu ba. Ya zaro wuƙa ya farke mata ciki a gabana. Na yi fushi, har ban zagaya ba ranar. Washegari sai ga shi yana nishi, ya rungumo randar Hajara, ya ajiye mini a kusurwar ɗaki, ya zuba yashi mai laima a gindinta.

Randar na nan kusa da ni yanzu da nake rubutun nan.

Ranar kasuwa yakan sauka bakin ruwa wajen masu banda, yana roƙon su bar yayyafa wa busasshen kifi fiya-fiya don kore tsutsa da ƙwari. Yakan ce wa masu saye, "In kun ga kihi tuli guda ba ƙuda ko ɗaya bisanai, ku tambayi kanku mi ƙudan sunka sani." Wasu sun ji, sun koma ƙara gishiri da sake banda. Da yawa dariya suke yi, su ce Sarki ya fito rangadi. Ya dawo ya zauna bisa bencin nan, ya cire hula, ya ce, "Yau mutum biyu munka samu, Ticha. Ba laihi."

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni sukuni tun safe.

Duk mai yin kindirmo ya san ba ya kamawa sai da iri. Iri shi ne ɗan ragowar na jiya da ake zubawa cikin dafaffiyar madara ta yau. Na Malam Sa'idu ba nasa ba ne, na Hajara ne. Ita ma daga gidansu ta zo da shi. Ranar da ta rasu akwai ƙwaryarta a ɗaki, ta haɗa da safe. Ya ce mini kwana biyu bai iya kallon ƙwaryar ba, a na uku ya tashi ya nemo madara. Tun daga ranar, shekara tara, bai bar shi ya yanke ba. Duk kwana biyu sai ya sabunta.

Ya raba wa mutane da yawa, musamman waɗanda suka gama shan maganin asibiti. Ba na jin akwai wanda ya riƙe. A yi sau biyu, sau uku, a gaji, a koma saye a kasuwa.

Ni kaina sau uku yana ba ni. Na farko na manta da shi. Na biyu na zuba cikin madara tana tafasa, na dafa bayin Allah. Na uku kuwa na bi komai daidai, amma har washegari madara na nan tsululu, sai wani wari. Na ɗauki ƙwaryar na kai masa ƙara, na ce irin Hajara ya tsufa.

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ka tambayi mai madarar ko an yi ma saniyar allura?"

Ban tambaya ba. Wa ke tambayar haka?

Ya ce makiyaya da sun ga saniya ta yi sanyi sai su soka mata allura, irin maganin kapson nan ne, kuma a tatse ta a kai kasuwa. Maganin na fitowa cikin madara. Ya karkata ƙwaryata, madarar ta kwaranyo, ya ce, "Duba nan. Saniya anka yi ma allura, ba ƙwarya ba, amma na cikin ƙwaryar duk sun mutu. To kai da ka shekara goma kana zazzaga shi cikin kunu hwa?"

Ranar na fahimci abin da ya yi ta faɗa mini. Ranar kuma na yi murabus daga yin kindirmo. Na ce ga Sarki katanga ɗaya, me zai sa in wahala? Ya yi dariya ya ɗauko kofi biyu.

Ganinmu na ƙarshe Asabar ɗin da ta wuce ne. Ya jima yana cewa ƙirjinsa na yi masa nauyi in ya hau gangaren bakin ruwa, Maryama ta matsa sai ya je Sakkwato an duba shi. Da safe ya shigo da jakarsa a kafaɗa da wata ƙaramar kwalba mai faɗin baki a hannu. Da kansa ya durƙusa ya binne ta rabi cikin yashin gindin randa.

Ya ce, "Ga amanar Hajara. Na gida na juye ma maƙwabta sun sha, wagga ɗai ta rage. Kwana biyu-biyu, Ticha. Ka dahwa madarar, ka bari ta huce. Kuma kada ka zuba iri duka wuri guda, ka rage rabi ko da ta ƙi."

Na ce, "Sai ka ce jinjiri ka bar mini. Sati ɗaya ne fa."

Ya ce, "Jinjiri ya hi shi sauƙi, shi yana kuka."

Na raka shi tasha, na riƙe masa jaka. Har ya shiga mota ya leƙo ta taga ya ce, "Ka tambayi allura!" Mutanen cikin motar suka yi dariya ba su san zancen ba. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe gare ni.

Yau Alhamis. Ban sabunta ba ko sau ɗaya.

Makon jarrabawa ne, takardu sun cika mini ɗaki, kullum sai in ce gobe zan je ruga. Wannan ma da sauƙi. Ranar Litinin na dawo da yunwa, ga fura ba nono, na tono kwalbar na tsiyaya kaɗan. Talata na ƙara. A raina ina cewa ai zai dawo, in ma ya lalace ya san dabara. Sau uku ina kashe iri yana sake ba ni, na saba akwai ƙofar da zan buga.

Da Maryama ta kashe waya, na jima zaune da takalmi ɗaya a hannu. Sai idona ya sauka kan gindin randa. Na rarrafa na tono kwalbar. Abin da ya rage bai fi cokali biyu ba a ƙasa, wani ruwa-ruwa ya taso a kai, tsaminsa har hanci. Babu rabin da za a rage. Zubi ɗaya ne, in ya ƙi shi ke nan, abin da mutumin nan ya riƙe shekara tara ya mutu a hannuna cikin kwana biyar.

Na kira hedimasta na ce ba zan shigo ba. Na hau mashin na nufi rugar da ke bayan gari, wajen Inna Dije, wadda ta saba kawo masa madara.

Na iske an gama tatsa, an haɗa cikin babbar ƙwarya, tana shirin dafawa. Muka gaisa. Na ce madara nake so, sannan na ji bakina ya ce, "Inna, akwai wadda anka yi ma allura?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Wagga tambayar Sarki ce. Ina shi? Ya dawo?"

Na faɗa mata.

Ta ajiye ludayin hannunta, ta zauna a ƙasa, ta ja gyale ta rufe fuska. Can ta ce, "Biyu anka yi ma shekaranjiya, kuma nasu na cikin ƙwaryar ga. Shi kaɗai ka tambaya, shi kaɗai nika keɓe ma nashi. Da na ga bai aiko ba na haɗa."

Na nuna mata kwalbar, na ce ba zai kai gobe ba.

Ta karɓa ta shinshina, ta ce, "Na Hajara ne." Ashe ta sani. Ta tashi ta kira maigidanta, suka yi magana da Fulatanci. Akwai wata saniya da ta haihu kwanan baya, ba a tatsar ta, an bar wa ɗanta. Ba a taɓa ta da allura ba. Dattijon nan ya ɗauki ƙwarya ya tsuguna da kansa, ya tatso mini abin da bai fi kofi uku ba. Ya ce, "Ɗan maraƙi ya yi haƙuri yau."

Na dawo a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Na dafa. Na sauke na jira ta huce. Ya koya mini gwaji: ka sa ɗan ƙaramin yatsa, in ya jure har ka karanta Ƙulhuwallahu ka kai ƙarshe, to ta yi. Na sa yatsa na karanta, na ce ladan ya kai gare shi. Na kankare kwalbar tas da cokali, na ɗauraye ta da ɗan madarar na juye, na motsa, na rufe da faifai, na naɗe da tsohon rawani na tura kusurwa.

Da na duba agogo, daidai lokacin da Maryama ta ce za a sallace shi ne. Mutane na can sun yi sahu a kansa, ni ina nan ina motsa madara.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon na yau ba. Yakan ce kada a riƙa buɗewa, ba su son leƙe. Na fita na dawo. Na ɗauki takardun jarrabawa na ajiye. Na je azahar, aka yi ta yi mini gaisuwa a masallaci kamar ni ne ɗan'uwansa, sai a lokacin na gane garin ma haka ya ɗauke ni. Na biyo ta ƙofar gidansa, kwaɗo na nan yadda ya sa shi, ganyen dalbejiya ya zubo bisa benci ba wanda ya kakkaɓe.

Shekara shida a garin nan, ban taɓa jin ni baƙo ne ba sai yau. Na kira gida, Inna ta yi mini ta'aziyya, maiɗakina ta ce in zo ƙarshen mako. Sun san sunansa, amma ba su taɓa zama bisa bencin nan ba. Babu wanda zan ce wa "ka tuna ranar jarka?" ya yi dariya.

Bayan la'asar na wanke hannu na jawo ƙwaryar. Na kwance rawanin, na ɗaga faifai, na karkata ta a hankali yadda ya karkata tawa a wancan karon.

Bai motsa ba.

Ya kama. Fari tas, a daskare, da ƙamshin nan da na sani.

A nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini. Na yi shi sosai, ni kaɗai, ba na jin kunyar faɗa.

Na fara cire iri na zuba cikin kwalba biyu, ba ɗaya ba. Sannan na miƙa hannu kan kanta don in ɗauko abin sha. Sai da na gama zubawa na lura kofi biyu na cika.

Na biyun yana nan gabana har yanzu.

Ya Allah, ga bawanka Sa'idu ya iso gare ka. Ya yi rayuwarsa yana duba abin da kowa ke ƙyama don bayinka su sami lafiya, kai ma ka duba shi da idon rahama. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sada shi da Hajara a Aljanna. Ka ba Maryama haƙuri. Ni kuma ka yafe mini sakacin da na yi da amanarsa.

Duk wanda ya karanta ya kai nan, don Allah kada ka wuce da alamar hawaye kawai. Ka ɗaga hannu ka yi masa addu'a da sunansa, ko Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce.

Mutanen Warra da kewaye, irin na nan da rai. Mai so ya zo da kwalba mai tsabta, zan nuna masa yadda ake yi, har da tambayar allura. Ba na son ya sake zama a hannun mutum ɗaya, balle hannuna.

Wanda zai zo, ya zo bayan la'asar. Lokacin ne ban san inda zan zagaya ba.